Hanyar Ruwa Kafin Rabon Filaye: Jawabin Kwamitin Ƙungiya a Taron Shekara



Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu dattawa, masu unguwanni, iyayenmu mata da ke zaune can bayan zana, da ƴan'uwa da suka taso daga Kano da Ikko da Yamai da Agadas da sauran wuraren bida, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma roƙon Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Waɗanda ba su sami zuwa ba, wannan takarda za ta iske su inda suke.

Maganar da kwamiti ya ɗora mana yau ita ce ta gonakin gabas da gari, waɗanda ake shirin yankawa a mayar da su filayen gida. Tun da labarin ya fita ba mu huta ba. Wasiƙa da waya da saƙon baki, duk tambaya biyu ce: nawa ne fili, kuma wa zai sami na bakin hanya? Har yau ba mu ji mutum guda da ya tambaya ina ruwa zai bi ba. To, wannan tambaya ce muka zo mu yi a gabanku, domin in aka kafa turaku aka ba kowa takardarsa, bakin alƙalami ya bushe.

Iyayenmu dattawa sun fi mu sanin yadda tsohon gari ya zauna da ruwa. Ɗaki na ciyawa ne ko na ƙasa, shinge na zana ne ko na kara, tsakar gida rairayi ce. In ruwa ya sauka, rabi ƙasa ta shanye shi nan take, saura ya ratsa ta ƙarƙashin darni ya gangara kududdufi. Kududdufin nan kuwa ba banza ya samu ba: can aka haƙi ƙasar da aka gina garin, ramin ya zama masaukin ruwan garin. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma kowa ya san ba a gini a kan hanyarsa.

Ginin yau dabam ne. Ɗan ci-rani in Allah ya buɗa masa, abin da yake so shi ne rufin kwano, katangar siminti mai tsawo, da daɓen siminti a tsakar gida don kada iyali su taka taɓo. Ba mu ga laifinsa ba, mu ma haka muke so. Sai dai kwano ba ya shan ruwa, siminti ba ya shan ruwa. Ga ɗan lissafi, wanda yaran lakwal za su iya bincika mana. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka yi ruwa milimita 50, watau ruwa mai kyau irin wanda mukan samu cikin Agusta, zai zubo lita 5,000. Tano 25 ke nan na lita 200, daga rufi guda, cikin sa'a ɗaya ko biyu. Yanzu ku ƙirga gida 100. Ruwan da gonar nan take shanyewa shiru tun zamanin kakanni, ranar da ta zama unguwa zai fito titi yana neman wurin zuwa. Kuma gabas ta fi tsohon gari tudu, wannan duk wanda ya taɓa tura amalanke daga can ya sani. Watau ruwan sabuwar unguwa a ƙofar tsoffin gidaje zai tsaya, gidajen ƙasa, inda iyayenmu suke kwana.

Ba mu ne farkon waɗanda ruwa ya koya wa karatu a ƙasar nan ba. Tsohon birnin Maraɗi cikin kwarin gulbi yake. A shekarar 1945 gulbi ya cika ya ci garin, dole aka tashe shi aka mayar da shi kan tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu, inda yake har yau. Mutum zai ce to shi ke nan, wanda ya hau tudu ya tsira. Amma ranar Jumma'a 30 ga Agusta 2024 aka yi ruwa wajen milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi a birnin nan na kan tudu. Sanarwar farko ta hukuma ta ce mutum 15 sun rasu. Ruwan da ya sauka kan rufi da titi ne ya taru ya yi ƙarfi, ya bi gangare yana rushe gidaje. A damanar 2024, a Nijar baki ɗaya, mutanen da suka rasu sun kusa 400, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan 1 da rabi, jihar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har buɗe lakwal sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba, domin mutane na zaune cikin azuzuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ku ɗauki milimita 150 ɗin nan ku aza kan fili guda mai mita 20 da mita 20: lita 60,000, tano 300. Ba rariyar gidan da za ta fitar da wannan cikin natsuwa.

Kada kuma wani ya ce wannan maganar birni ce. Ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da 500,000 a gundumar Gidan Runji, kusan 250,000 a ta Agiye, fiye da 150,000 a ta Gazawa, wadda aka cire daga Agiye a 2011. Tun daga lokacin an haifi yaran da yau suka isa riƙon hauya. Ku bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Runji zuwa Tibiri, ku wuce Maraɗi zuwa Cadawa da Agiye da Gazawa, ku duba hagu da dama. Inda kuka san gero da wake, yau tubalin siminti ne a jere. Garuruwanmu suna girma irin girman birni, amma ba su da ma'aikatan birni.

Abin da ya fi damunmu shi ne lokacin da ake cinikin fili. Mu ƴan bida, da yawanmu da rani muke ganin gida, ko da salla, ko kuwa mu aiko kuɗi ƙane ya saya mana. Da rani kuwa kowane fili kyakkyawa ne. Kwarin da ruwa ke kwana wata biyu a ciki, cikin Maris shi ya fi ko'ina shimfiɗa, ga shi da arha. Mai saye ya yi murna ya sami banza. Alhali alamu suna nan ga mai ido: ƙasa baƙa mai tsattsagewa, rairayi mai laushi da ya kwanta layi-layi, tarkacen kara da leda da suka maƙale a gindin kalgo duk ta gefe guda. Manomin da ya shekara 30 yana noman wurin ya san inda jigawa ta ƙare geza ta fara, ya san inda shuka take ruɓewa shekarar ruwa. Makiyayi ya san inda yake shayar da dabba bayan ruwa. Su ya kamata a fara tambaya, tun masu awon ƙasa ba su sauke kayansu ba. Mai awo ya iya miƙe layi, kuma aikinsa ke nan, amma in ya zo cikin Janairu ya tafi cikin Janairu, ba abin da zai nuna masa inda ƙorama take bi sai an gaya masa.

In mutum ya gane ya sayi kwari, me yakan yi? Sai ya kira mota ta zubo masa ƙasa, ya ɗaga filinsa, ya ja katanga. Shi ya tsira. Ruwan kuwa bai koma sama ba, ya koma gidan na kusa da shi. Na kusa in yana da hali shi ma ya ɗaga nasa, har a kai ga wanda ba shi da kowa a bida, mai ginin ƙasa, shi ne zai zama kududdufin unguwa. Mun ga irin wannan da idonmu, ba sai mun kama suna ba: gida biyu da suka haɗa kaka, har aure ke tsakaninsu, suka shekara ba gaisuwa saboda wani ya toshe rariya da buhun ƙasa cikin dare. Mai gari ya yi sulhu sau biyu. Ginin ƙasa kuwa, magina sun sani, ba ruwan da ke dukansa daga sama ne yakan kayar da shi ba, in dai da yaɓe da indararo mai kyau. Wanda ya kwanta a gindinsa kwana biyu shi ne ajalinsa. Malamanmu sun sha yi mana wa'azi kan haƙƙin maƙwabci. Muna roƙon liman ya ƙara da wannan babi, domin tura wa mutum ruwa cuta ce ko da a cikin filinka ka tsaya ka yi ta.

Haka nan maganar hanya. Duk hanyar da aka ɗaga, ta kwalta ko ta jar ƙasa, madatsa ce. Kwalbatin da aka sa a ƙarƙashinta nan ne kaɗai ƙofar ruwa. Filin da ke bakin kwalbati, ta sama ko ta ƙasa, bai kamata a ba kowa shi ba, ko da kuwa shi ne ya fi kyau da shago.

Wannan duk ruwan sama ne. Akwai ruwa na biyu, wanda ba ya jiran damana: ruwan wanka, da wanki, da wanke-wanke. Iyayenmu mata, wannan ku kuka fi mu saninsa. Dā da ake jan guga a rijiya mai gaba 20, ba mai zubar da ruwa da yawa. Ɗan abin da aka zubar rana ta shanye. Yanzu da famfo ya shigo, gida guda yakan zubar da abin da dā unguwa ke zubarwa. Kowa ya huda katanga ya saki rariya a titi. Ku duba lungunan kasuwa: baƙin ruwa mai wari, shekara zagaye, agwagi na ciki, yara na ciki, mai talla ta aje tirenta a gefe. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 10 ne ko ƙasa da haka lokacin zafi. Wanda yake kwana da wannan a ƙofar gida ya san dalilin da ya sa kuɗin da ake aiko masa ke ƙarewa a likita. In kuma ruwan sama ya zo ya haɗu da wannan, ya cika salga ta tumbatsa, to an kai inda ake tsoro. A 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa, nan kusa da mu, mutane fiye da 3,000 suka kamu a ƙasa baki ɗaya. A 2021 ta sake dawowa, jiharmu na cikin waɗanda ta fi taɓawa.

Ra'ayin kwamiti a nan a fili yake: ruwan nan biyu kada a bar su su haɗu. Ruwan sama a ba shi hanya ya wuce. Ruwan gida kuwa a cikin gida zai ƙare. Kuma Allah ya taimake mu da ƙasa, domin jigawa tana shan ruwa. Abin da ake bukata rami ne a cikin gida kusa da makewayi, faɗinsa kamar mita 1, zurfinsa mita 1 da rabi zuwa 2, a cika shi da duwatsu ko fasassun tubalin siminti, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe bakinsa, a jawo ruwan wanka da bututu ya zuba ciki. A sa ƴar raga a bakin bututun don tsakin tuwo da gashi da rairayi, in ba haka ba shekara guda ya toshe. Kada a manne shi da gindin katanga, a ba shi taku huɗu ko biyar. Kuɗinsa bai kai na ƙofar ƙarfe mai ado da muke sawa a zaure ba. Wanda filinsa geza ce, ramin ba zai sha da sauri ba, sai ya faɗaɗa shi, ya kuma dasa zogale ko lemo a gefe su taya shi.

Salga ma haka. A ɗaga bakinta sama da tsakar gida yadda ruwan sama ba zai shiga ba, a nisanta ta da rijiya. Ma'aikatan lafiya mita 30 suke faɗi, kuma rijiyar ta kasance ta sama, salgar ta gangare. Ƴan'uwanmu da ke zaune kusa da kwarin Gulbin Maraɗi ko na Gulbin Kaba, inda ruwan ƙasa yake kusa, su yi hankali da zurfi, kada su haƙa har su kai ga ruwan da za su sha. Al'adar nan kuma da wasu suka koyo a birni, ta jiran hadari a kwashe salga a zuba wa ruwa ya tafi da ita, ba ma fatan ganinta a garin nan.

Wasu daga cikinku sun rubuto suna cewa a tara kuɗi a yi lambatu na siminti irin na Kano da Maraɗi. Mun gode da niyya, amma ku da kuke zaune can ku gaya mana gaskiya: lambatu nawa kuka gani yana gudu? A ƙasar rairayi iskar hunturu kaɗai ta isa ta cika shi, leda ta ƙarasa. Lambatun da ba a yashewa kafin damana ramin sauro ne da aka saya da tsada. Wanda kuma ba a yi masa mafita ba, ɗaukar ruwa yake daga unguwar masu hali ya sauke a unguwar da ke ƙasa, ko ya tara shi wuri guda ya sake shi da ƙarfi ya haƙa kwazazzabo a gonar wani. Ba mu ce ba za a taɓa yi ba. Akwai wuri ɗaya ko biyu, kamar bakin kasuwa, da ba makawa. Amma kafin siminti akwai abin da ba ya cin ko dala: a bar wa ruwa tsohuwar hanyarsa. Inda ƙorama take bi a mayar da shi titi mai faɗi, tsakiyarsa ta ɗan fi gefe ƙasa, a dasa itace a bakinsa. Sauran tituna a karkata su su zuba cikinsa. Kowane mai gini ya ɗaga tushen ɗakinsa kamar kamu ɗaya sama da titi, amma ya bar wani sashe na tsakar gida ba daɓe. Ya sa tano ko biyu a ƙarƙashin kwano, ruwan wanki ya samu kyauta. Gawo da sauran manyan itatuwan da ke gonakin kada a sare su gaba ɗaya don a sami layi. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agiye sun yi suna har ƙasashen waje saboda renon itace a gona. Abin kunya ne mu maƙwabtansu mu share namu rana ɗaya.

Sa'an nan kududdufin gabas. Mun ji ana raɗe-raɗin a cike shi da shara a yanka shi fili huɗu. Iyayenmu, muna roƙonku da girman Allah kada ku sa hannu. Mun san yana da illa. Yana tara sauro, kuma ba mu manta da yaran da irinsa ya ci a garuruwan maƙwabta ba. Amma maganin wannan shi ne a kewaye shi, a kwantar da gaɓarsa kada ta zama rami mai tsaye, a hana zuba shara da bayan gida, a yi masa hanyar da zai malala in ya cika. Wanda ya cike kududdufi bai kori ruwa ba, wurin kwana kawai ya hana shi, shi kuwa zai nemi wani. Ginin da aka aza kan shara ma ba ya zama, shekara kaɗan bango ya tsage.

Maganar baki ba ta isa ta tsare shi ba, domin dattawan da suka yi alkawari yau ba su ne za su zauna shekara 20 nan gaba ba. Tun dokar ƙasar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, daga na gunduma har na ƙauye, kuma aikinsu ne su shaida abin da yake na jama'a, kamar burtali da mashaya. Muna so kududdufin da hanyar ƙoramar su shiga takarda a matsayin kayan gari, da sa hannun mai gari, a kai kofi ma'aikatar magajin gari, wadda tun Afrilun 2024 aka mayar hannun kantomomi. A ajiye kofi guda a akwatin ƙungiya. Masu gonakin da hanyar ruwa za ta ci wa fili, ba daidai ba ne su ɗauki asarar su kaɗai. A lissafa abin da suka rasa a raba shi kan kuɗin sauran filaye. In fili 100 ne, abin da zai hau kan kowa kaɗan ne.

Abin da muke nema a wannan zama shi ne haƙurin damana guda. Mun san akwai masu gaggawa, akwai wanda ya riga ya sayi siminti, akwai mai gonar da bashi ya matsa. Duk da haka muna roƙo kada a kafa turaku sai an ga ruwan bana a wurin. Ranar da aka yi babban ruwa na farko, da ya ɗauke, dattawa uku da masu gonakin da sarkin magina da matasa masu waya mai hoto za su fita su bi ruwan da ƙafa, daga inda ya taso har inda ya kwanta, suna kafa itace suna ɗaukar hoto. A sake yi cikin Agusta. Abin da suka gani shi za a shimfiɗa wa mai awo a gabansa ran da ya zo. Waɗanda suka yi zamanin Samariya sun tuna yadda ake fita gayya a gyara gari da ganga; irinta muke so ranar yashe kwalbatin bakin hanya, kafin ruwan shuka.

Kwamiti ya kawo shawarar kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya ba da jika 2, na gida jika 1 ko aikin yini guda, don takardun Kofo da kuɗin motar masu zuwa gunduma da shingen kududdufi. Wakilin kowane gari zai tara na mutanensa ya aiko da sunaye, za a buga su a fitowa ta gaba kamar yadda aka saba. Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan wani fili a gabas, ya ga magatakarda bayan sallar la'asar a rubuta sunansa da wurin, don a san waɗanda za a fara yi wa magana in filin ya faɗa kan hanyar ruwa.

Mai gari, ranka ya daɗe, iyakar abin da aka aiko mu da shi ke nan. In mun yi kuskure a gaban manya a gafarce mu. Yanzu sai mu ji ta bakin masu gonakin.